Yadda Na'am Ya Cire Sunan Alhaji Garba

Ku zauna, ku ajiye wayoyin nan a kan tebur inda zan riƙa ganinsu. An ce ku huɗu ne kuke neman kujerata in na sauka, kuma labari ya iso mini cewa ɗayanku ya faɗa a teburin mai shayi wai aikin sakataren ƙungiyar dillalan shanu danne-danne ne kawai, ka sa suna ka cire suna, wai yanzu ma na'ura ke yi, ni gyangyaɗi nake zuwa yi a ofis. Ba zan tambayi wanda ya faɗa ba. Ga shi can yana nazarin silin. Gyangyaɗin gaskiya ne, ina yi bayan azahar, shekaruna sun kai. Sauran maganar ce nake so mu duba.

Aikin farko da aka ba ni a Asata, cikin Inugu, jan layi ne. Ubangidana Malam Habu ya miƙo mini rula ta katako da shuɗin biro da wani littafi mai baƙin bango, ya ce in raba kowane shafi gida uku: suna, aiki, da wanda ya tsaya wa mutum. Wata uku ina jan layi ban rubuta sunan kowa ba. Kowace tirelar shanu da ta taso daga Arewa tana da shafinta, shi muke kira ayari. A ayari akwai mai shanu, da direba, da 'yan rakiya masu tafiya cikin dabbobi, da likitan dabba, da dillali, da mahautan da za su karɓa, sannan can sama sunan maigidan zango, wato dattijon da ya tsaya wa baƙi a wurin masu gari. Wanda ke cikin ayari ana gaya masa inda mota ta kai, a bar shi ya shiga zango ya taɓa saniya. Wanda ba ya ciki, ko ƙanin mai shanun ne, sai dai ya tsaya bayan shinge yana leƙe.

Jan biro kuwa cikin hularsa Malam Habu yake ɓoye shi, kuma sai da na shekara uku kafin ya bari na riƙe. Da shi ake soke suna. Na tuna ranar da aka ce a cire wani direba, Ɗan'asabe, saboda sau biyu yana sayar da harawar shanu a hanya, dabbobi su iso ƙashi da fata. Ni na ɗauka za a buɗe littafi a ja layi a tafi cin abinci. Sai na ga Malam ya zura babbar riga, ya ce in ɗauko lema. Muka taka da ƙafa har bayan kasuwar Ogbete inda Ɗan'asabe ke zama. Aka gaisa, aka tambayi mahaifiyarsa da ciwon bayanta, aka sha ruwa, aka yi zancen tsadar taya. Sai da muka tashi tafiya Malam ya ce, "Ɗan'asabe, daga wannan makon zan huta da rubuta sunanka, kuma ka san dalili. Na ce bari in zo ka ji daga bakina." Direban ya sunkuyar da kai ya ce ya gode. Da muka dawo ne aka ciro jan biro. Na ce, "Malam, ai takalmi kawai muka ɓata, layin nan ko minti ɗaya bai ci ba." Ya yi mini kallon yaron da ba a sa ran zai yi hankali da wuri, ya ce, "Kai dai ci gaba da jan layinka, Isiyaku."

Masu zuwa wurin sakatare ba su canja ba tun daga lokacin har yau. Bayan Malam Habu ya rasu aka dawo da ni Anacha, wannan ofishin da kuke ciki, kuma a makona na farko wani mai shanu ya shafe awa biyu a kan bencin nan yana so in sa surukinsa a ayari. Na ce wane aiki zai yi? Ya ce babu, a dai riƙa ganinsa. Akwai mahaucin da zai rantse maka abokin sana'arsa ɓarawo ne a cire shi, jibi ka gan su suna cin tuwo a kwano ɗaya, kai da ka saurare shi ka zama munafukin. Akwai wanda ko saniyarsa ta mutu bai damu ba, damuwarsa sunan wa ke saman nasa. Kowa da murmushi yake shigowa da "ranka ya daɗe, Sakatare", kuma kowa abin da ya faɗa daban, abin da ya kawo shi daban.

Na'urar ta zo mana ne ta hannun Injiniya Mustafa, jikan wani tsohon ɗan kasuwarmu, haifaffen Fatakwal, mai ofis a saman wani shagon taya a can unguwar Rumuokoro. Hausarsa sai ka tsinto ta daga cikin Turancin buroka. Ya ce wannan irin basirar na'ura ce da ake kira AI, tana karanta saƙo, tana jin saƙon murya, ta kuma aikata da kanta ba sai an danna mata komai ba. Ya haɗa littattafan Anacha da Inugu da Fatakwal wuri ɗaya. Takardar shiga zango ta koma cikin waya, mai ƙofa ya duba ya buɗe. Dillalai suka raɗa wa abin suna Na'am, don duk abin da ka ce masa da na'am yake fara amsawa, ko zaginsa ka yi.

"Baba Sakatare," in ji Injiniya, "shi fa ba shi da hannu sai wanda ka ba shi. Makullai huɗu ne. Na ɗaya ya duba waye ke cikin ayari. Na biyu ya gayyaci mutum. Na uku ya canja wa mutum matsayi. Na huɗu ya cire. Wannan na huɗun, abeg, hold am for your pocket, riƙe shi a aljihunka. In zai cire mutum, bari ya fara tambayarka."

Na riƙe shi wata biyar. Kuma in faɗi gaskiya, Na'am ma'aikaci ne. Mota za ta taso daga Maigatari, kafin direba ya gama ɗaure igiya ya haɗa ayari, ya sanar da mahautan Fatakwal, ya tuna wa likita. Bai taɓa neman na goro ba, kuma ba shi da suruki. Laifinsa na farko shi ne ya jera sunaye bisa wanda ya fi yawan magana, sai ga wani ɗan rakiya mai turo barka da Juma'a kullum, har ranar Talata, ya haye saman alhazai bakwai. Kwana biyu ina ba da haƙuri. Amma abin da ya ishe ni shi ne tambaya. Ayari ya ƙare, 'yan rakiya sun koma gida, sai ya dame ni: in cire wane? In cire wane? Ina alwala waya na ƙara, ina cin abinci tana ƙara. Rannan na ce kai, ni da na riƙe jan biro shekara ashirin da wani abu, na'ura ce za ta mai da ni ɗan aikenta? Na miƙa masa makulli na huɗu, na ce duk wanda aikinsa ya ƙare ko ya nemi fita da bakinsa, cire shi kawai. Ya ce na'am. Ranar na yi gyangyaɗi mai daɗi.

Yanzu sai ku san waye Alhaji Garba. Shi ne maigidan zangonmu na Anacha tun kafin a haife ku. Filin zangon na wani iyali ne na masu gari, kuma tsohonsu da Alhaji suka yi hannu da hannu a kan ba a sauke dabba ko ɗaya sai da sunan Garba. Tsohon ya mutu, ɗansa Oga Emeka ya gaji ƙofar, ya gaji alkawarin.

Alhaji yana da al'ada, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, haka ya tarar. Kowace shekara in Babbar Salla ta matso, sai ya miƙe a taro ya ce ya tsufa, ya gaji, a cire sunansa a sa wani. Kowa ya yi jugum kamar bai taɓa ji ba. Washegari dattawa su ɗauki ƙwaryar goro, sakatare na gaba, a je a roƙe shi. Ya ƙi. A koma rana ta biyu, ya ƙi. Rana ta uku ya ɓare goro ya ce, "To, don ku." Kuna dariya, amma zaɓenmu ke nan. Ba mu da akwati, ba mu da ƙuri'a. Daga yawan takalman da ke ƙofarsa cikin kwana ukun nan yake sanin ko har yanzu ana son sa, daga nan kuma masu gari ke sanin maganarsa tana da mutane a bayanta.

Shekarar da ba na son tunawa, ciwon ƙafa ya hana Alhaji zuwa taro. Sai ya ɗauki wayar da ƙungiya ta saya masa, wadda ba ya taɓawa sai zai duba lokacin salla, ya turo saƙon murya cikin zauren ƙungiya na waya inda mu arba'in da uku muke. Litinin ce, da hantsi, ina Kasuwar Relief ina cinikin manja. Na ji muryarsa, da sallama da komai: "Jama'a, shekara ta zagayo. Ni dai na tsufa, ƙafa ta ƙi. A cire sunana a sa mai jini a jika." Na yi murmushi, na ce a raina bari in biya wurin mai goro. Ban kai ga mai da wayar aljihu ba ta sake ƙara.

"Na'am, Alhaji. An cire sunanka daga dukkan ayari. Mun gode da hidimarka."

Ƙarƙashinsa kuma ga sanarwa ga kowa da kowa, har mahautan Fatakwal da likitan Inugu: an cire Alhaji Garba. Mai manja ta tambaye ni ko lafiya, don ta ga na zauna a kan jarkarta.

Abin da ya kamata in yi ba ɓoyayye ba ne. Gidan Alhaji layi uku ne daga inda nake zaune. Amma kunya ta kama ni, sai na shiga neman wayo. Na ce wa Na'am maza ya mai da sunan. Ya ce na'am, ya tura gayyata, ana jiran Alhaji ya danna amincewa. Wato mutumin da ake roƙo da ƙwaryar goro kwana uku, shi na aika wa irin takardar da ake aika wa sabon ɗan rakiya, ya danna in yana son aiki. Da na gane abin da na ƙara tafkawa, sai na hau motar Fatakwal. Tafiyar awa huɗu na yi don in guje wa ta minti goma.

A Rumuokoro na tarar Injiniya ya fita wani aiki, na kwana biyu ina jiransa a gidan wani dillali. Da ya dawo ranar Laraba ya duba, ya dafe kai. "Baba, you give am number four?" Wato ko na ba shi makulli na huɗu. Na ce ba wa'azi na zo ji ba, ya gyara. Ya ce ai ba abin da ya lalace balle a gyara. "Ka ce masa wanda ya nemi fita a cire shi. Alhaji ya nema. Shiga kuma sai mutum ya yarda da kansa, haka aka gina shi, don kada a riƙa cusa mutane inda ba su so. Na only him finger fit do am, yatsan Alhaji kaɗai zai iya." Na ƙara kwana ɗaya a can, don ban san da fuskar da zan dawo ba.

A nan Anacha kuwa ba wanda ya taka ƙofar Alhaji. Ba don ƙiyayya ba. Kowa ya ga sanarwa ta fito daga ofishin sakatare, ya kuma ga sakatare ya ɓace, sai ya ɗauka manya sun gama shawara a ɓoye. Ku kun san halin dillalanmu, ba sa taya saniya sai sun ji abin da na kusa ya taya. Kowa ya zauna yana jiran ya ga wa zai fara zuwa. Mutum arba'in da ɗaya, duk sun karanta, na'ura ta nuna mini alamarsu ɗaya bayan ɗaya. Har ɗan rakiyan nan mai barka da Juma'a ya yi tsit.

Ranar Alhamis da rana tsaka tirela ta iso ƙofar zango da shanu talatin da huɗu, kwana biyu da yini suna tsaye a kan ƙafafunsu. Na sauka daga motar Fatakwal na tarar da ita cikin rana, dabbobi na huci, 'yan rakiya na watsa musu ruwa da bokiti. Oga Emeka na zaune kan kujerarsa ta roba, ƙofa a kulle. Ya nuna mini wayarsa, gurbin maigida babu kowa.

"Sakatare, ba suna, ba ƙofa. You sabi am."

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na juya baya na ce wa Na'am ya sa sunana a gurbin. Makulli na uku ke nan, kuma ya yi aikinsa tsaf. Takarda ta fito fes, Isiyaku, maigidan zango. Oga Emeka ya karanta, ya sake karantawa, ya kira wani ɗan'uwansa ya nuna masa, suka yi ta dariya har da buga cinya. "My papa no shake hand with phone," in ji shi, wato babansa ba da waya ya yi hannu da hannu ba. "Je ka kawo Alhaji." Muna cikin haka wani ɗan rakiya ya leƙo daga saman mota ya ce saniya biyu sun durƙusa. Wanda ya san tirela ya san in dabba ta durƙusa cikin cunkoso, tattake ta sauran suke yi.

Na hau okada, wato acaɓa, ba goro, ba dattijo ko ɗaya. Na sami Alhaji a zaurensa kan buzu, ƙafa a miƙe an shafa mata magani. A bakin ƙofa ba takalmi sai nasa. An shimfiɗa tabarmi huɗu a tsakar zauren, kuma daga ƙurar da ta hau kansu ka san ba yau aka shimfiɗa ba, ba kuma wanda ya zauna. Duk abin da ya faru a makon nan, tabarmin nan ne suka fi yi mini ciwo, har yau.

"Salamu alaikum. Barka da rana, Alhaji."

"Alaikumus salam. Isiyaku ne? Barka kadai. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, ranka ya daɗe. Yaya ƙafa?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Yaya iyali? Yaya mutanen Fatakwal? An ce ka yi tafiya."

Bai rage mini gaisuwa ko ɗaya ba. Ya tambayi yarana da sunayensu, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan sama a can, ni kuwa ina durƙushe hankalina na kan dabbobin da ke ƙasa. Sai da ya ga dama ya ce, "To, me ke tafe da kai?" Na faɗa masa komai, da makulli na huɗu, da gudun da na yi. Ban ɗora wa na'ura ba, don na san ba zai saya ba.

Sai ya ce in miƙo masa sandarsa. "Dabba ba ta yi mini laifi ba."

A keke mai ƙafa uku na kai shi. Ko sauka bai yi ba, ya leƙo kai ya ce, "Emeka, buɗe." Oga Emeka ya miƙe har da cire hula, ƙofa ta buɗe. Aka sauke talatin da uku da ƙafafunsu. Ɗayar sai da aka sa mata wuƙa a cikin mota kafin ta zama mushe. Nan da nan zango ya cika da dillalai, ana rige-rigen gaishe da Alhaji, kowa na rantsuwa dama yau yake shirin zuwa.

Washegari muka ɗauki goro, ƙwarya biyu maimakon ɗaya, mun fi mu talatin, takalma har bakin titi. Ya ƙi, muka ji daɗi, don haka aka saba. Rana ta biyu ya ƙi. Rana ta uku ya ɓare goro ya raba wa kowa, muka gyara zama muna jiran "don ku". Sai ya sa hannu ƙarƙashin buzu ya ciro wayar ƙungiya.

"Abin nan naku bai yi mini rashin kunya ba," in ji shi. "Na ce a cire ni, ya cire ni, har da godiya. Duk shekarun nan ban tuna wanda ya ce mini ya gode a cikinku ba. Shi abin da aka faɗa masa ya sani. Abin da nake jira kuwa ku kuka san shi. Na shimfiɗa tabarma Talata, na bar ta Laraba. Da mutum ɗaya ya zo, ko hannu rabbana, da na danna muku abin nan da kaina. Ranar Alhamis kuma ba ni aka zo nema ba, ƙofa aka zo nema." Ya miƙo mini wayar. "Isiyaku, riƙe kayanku. Malam Habu ya nuna maka hanyar gidan ɓarawon harawa. Na ɗauka za ka gane hanyar nawa."

Labarin Ɗan'asabe ni na taɓa ba shi da bakina, ina alfahari da irin horon da na samu. Ranar ba wanda ya iya tauna goronsa.

Mako na zagayowa Alhaji Garba ya kama hannun wani dattijon dillali, Alhaji Sani, ya kai shi wurin Oga Emeka ya haɗa hannuwansu, bayan Salla shi Alhaji Garba ya tattara ya koma garinsu Gumel. Ni kuma na cire sunana daga gurbin da na cusa shi, na karɓe makulli na huɗu daga Na'am. Ya ce na'am, bai ji haushi ba. Yanzu in ya tambaye ni ko a cire wane, sai in ce ya jira, in zura riga in ɗauki lema. Fitar nan da kuke gani ina yi da rana kuna cewa tsoho ya tafi yawo, aikin ke nan.

Ga wayar nan cikin aljihun tebur, duk Juma'a nake sa mata caji. Ku matso ku gani. Gayyatar na nan yadda na tura ta daga kan jarkar manja, sunan Alhaji Garba, ƙarƙashinsa an rubuta ana jiran amsa, ga kuma koren maɓallin. Wayar ba ta da kulle, Alhaji bai taɓa sa mata ba. Kai mai nazarin silin, na ga yatsanka yana motsi, kuma na san tambayar da ke bakinka: tunda wayar na hannunka shekara biyu, me ya hana ka danna masa kawai a huta? Ko Na'am bai taɓa yi mini wannan tambayar ba. Ɗauki wayarka a kan tebur, ka gaida mini babanka. Ku ukun, gobe ku zo da takalmi mai ƙwari.